Kwalekwalen da Ba Ya Ɗaukar Kifi

Shekararta goma sha biyu suka zo makaranta da igiyar awo,
mutum biyu daga birnin Nanchang.
Suka ce ta buɗe hannuwa, ta buɗe,
suka auna daga yatsa zuwa yatsa,
suka dubi juna.
Ni ina bakin tafkin Poyang ina ɗinkin taru,
ba wanda ya auna nawa.

Ranar da na ga abin da suka ba ta, dariya na yi.
Siriri kamar ganyen gora,
ba wurin kwando, ba wurin tukunya,
atishawa ɗaya ta isa ta kifar da mutum.
Na ce, Shuning, ina za ki sa kifin?
Ta ce, Baba, wannan lokaci yake kamawa.

Sau goma sha ɗaya ta kife a makon farko.
A waya ta faɗa mini, haƙoranta na karo.
Na ce ki dawo gida.
Ta yi shirun nan na uwarta,
wanda ba a ciniki da shi.

Hutun sabuwar shekara, kwana uku kacal.
Tafin hannunta ya yi kanta kamar bayan kunkuru.
Ta cinye shinkafa kwano huɗu, ta yi barci a zaune.
Da asuba na tarar da ita a tsakar gida
tana tuƙa iska da sandar shara,
dama, hagu, dama, hagu,
agwagi na kallo.

Mita ɗari biyar.
Ni da na tsufa a kan ruwa
ban san mita ɗari biyar na cinye mutum ba,
sai da na ga fuskarta a gilashin waya,
baki buɗe, ido ba kowa a ciki,
filafili mai baki biyu yana saran tafki
kamar tafkin ya ci mata bashi.
Ta huɗu ta zo.
Tsakaninta da tagulla, in ji su, bai kai ƙiftawar ido ba.
Na tambayi maƙwabcina Kuang me ake ba na huɗu.
Ya ce tawul.

Sai kafaɗa ta ce ta gaji.
Likita ya yanka, ya ɗinke, ya ce wata tara.
A shekarar aka hana mu kamun kifi,
aka ɗaga kwalekwalena da ƙugiya, ina tsaye ina gani.
Muka zauna a ƙofar gida, ni da ita,
masu ruwa biyu a kan tudu,
muna ɓare gyaɗa, ba mai duban tafki.

Da ta koma, suka ce ashirin da bakwai tsufa ne.
Suka haɗa ta da wata yarinya, Dou Wenjiao,
'yar arewa mai dariya kamar fashewar tulu,
suka sa tawa a kujerar baya.
Na baya ba ya ganin layin ƙarshe, Baba,
ƙeyar abokiyarsa yake gani.
In ta ɗaga, in ɗaga. In ta numfasa, in numfasa.
Shekara goma sha biyar ina koyon wuce mutane,
yanzu nake koyon bin mutum.

Azurfa suka ci.
Tana nan rataye a ƙusar da taruna ke rataya da.
Ba ta cika ƙusar ba, amma tana ƙyalli in an kunna fitila.

Yanzu ita ke riƙe da agogo da usur,
yara na kifewa a gabanta kamar 'yan kwaɗi.
Bara ta ce, Baba, shiga.
Na ce ni? Shekara hamsin ina kan ruwa.
Na shiga.
Ban ko ɗaga filafilin ba sama ta koma ƙasa.
Na taso ina tari, ciyawa a kunne,
tana durƙushe a kan katako, dariya har da hawaye.
Ta miƙo hannun nan mai kanta, ta ce:
saura goma.